Kafin a zuba azurfa a tafki

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani tsohon ɗalibina ya same ni a zauren gidana a Gumel riƙe da kwalba. Ni na koya masa kimiyyar sinadarai a sakandare shekaru da dama da suka wuce, yanzu kuma digiri na biyu yake yi. Kwalbar irin ta maganin tari ce, ya naɗe ta da baƙar leda don kada haske ya taɓa ta, ruwan da ke ciki kuwa kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Bayan mun gaisa ya ajiye ta a kan tabarma, ya ce, "Malam, ga maganin sauron ƙasar Gumel na kawo maka."

Ya yi mini bayani yana ta murna. Ganyen darbejiya ya dafa, ya tace, ya zuba ruwan a kan narkakken gishirin azurfa. Ba a jima ba launi ya juye, alamar azurfar ta dunƙule ta zama ƙura mai ƙanƙantar da ido ba ya gani, wadda masana ke kira azurfar nano. Ya gwada ta a kan tsutsar sauro a cikin kofuna, kafin kwana ɗaya duk sun mutu. Burinsa shi ne idan damina ta kankama a bi kududdufan Gumel da tafkunan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ana zubawa. Ya ƙara da cewa, "Kuma ba ta da illa, Malam, tunda da ganye aka yi ta."

Na ji daɗin ganin yaron da na sani yana ruɗewa da lissafin sinadarai yau ya zama mai haɗa abu da hannunsa. Amma na ce masa ban yarda ba, kuma dalilina nake so in shimfiɗa a nan, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Jami'o'in ƙasar nan cike suke da irin wannan aiki. A jami'ar LAUTECH ta Ogbomosho akwai rukunin masana guda, ƙarƙashin Farfesa Agbaje Lateef, da suka yi suna a haɗa ƙurar nano da tsirrai da sauran abubuwan da ke kewaye da mu, kuma ɗalibai a Arewa sun bi sahu da zogale da darbejiya da duk ganyen da ya zo hannu. Aikin ba shi da laifi. Inda nake tsayawa shi ne ranar da kwalba za ta bar ɗakin gwaji ta nufi bakin ruwa.

Mu Hausawa ba mu san azurfa da sharri ba. Zoben da namiji ya halatta ya sa ke nan, ita maƙeran fari ke narkawa, ita ke walƙiya a kayan doki ranar hawan salla a ƙofar fadar Lautai ta Gumel. Likitoci ma sun daɗe da ita. Tun wajen 1881 wani likitan Jamus mai suna Credé ya fara ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai don hana su makancewa, kuma farin man nan da ake shafa wa mai ƙuna a asibitocinmu da azurfa a cikinsa. Dalilin likitocin ɗaya ne: azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. To abin da ke kisa ba ya tambayar sunan wanda ya tarar.

Zobe ba ya cutar da kowa saboda dunƙule yake, ɗan abin da ke narkewa daga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Ka ɗauki zoben nan ka niƙe shi har kowace ƙwaya ta koma ƙasa da nanomita 100, wato a jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya, sai labari ya canja. Kowace mace ta san dunƙulen kanwa yana iya kwana a ruwa bai gama narkewa ba, amma dakakkiya nan take take bin ruwa. Haka ƙurar azurfa take. Tana yawo a ruwa, iskar da ke cikin ruwan tana cin jikinta, ita kuma tana ta sakin narkakkiyar azurfa a hankali. Ganyen darbejiyar da ɗalibina ke taƙama da shi aikinsa kawai ya haɗa ƙurar ya lulluɓe ta. Azurfar da ke ciki azurfa ce, ko da ruwan zamzam aka haɗa ta.

Ita kuwa narkakkiyar azurfa, a cikin ƙarafa kaɗan ne suka kai ta dafi ga halittun ruwan daɗi. Wannan ba sabon sani ba ne. Tun shekarun 1990, lokacin da masu wankin hoto ke zubar da ruwa mai azurfa, Chris Wood da abokan aikinsa a jami'ar McMaster ta Kanada suka gano yadda take kashe kifi. Kifin ruwan daɗi jininsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka kullum gishirin jikinsa zurarewa yake yi. Jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, wanda yake numfashi da shi, shi ne kuma ke janyo gishiri daga ruwa yana mayar masa. Azurfa tana zuwa ta maƙale a nan ta tsayar da wannan aiki. Gishiri ya ci gaba da fita, ba mai shiga, jini ya yi kauri, zuciya ta gaza. Kifi ya mutu a tsakiyar ruwa mai kyan gani, ba wari, ba launi.

Na kawo wa ɗalibin nawa lissafi biyu, na ce ya ɗora su kusa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum zai iya jure wa azurfa har maikurogiram 100 a kowace lita ta ruwan sha. Ƙasar Kanada kuwa, da ta zo sa iyaka don kare abin da ke rayuwa a koguna da tafkuna, sai ta tsaya a maikurogiram 0.25. Ninki 400 ke tsakani. Ma'ana, ruwan da za ka sha ka kwana lafiya zai iya share 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwan da 'ya'yan kifi ke ci, domin a tsabtataccen ruwan gwaji wajen maikurogiram ɗaya a lita ya isa ya kashe su. Maikurogiram ɗaya a lita kuwa daidai yake da giram ɗaya a lita miliyan ɗaya, wato jarka 40,000 irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turawa. Kududdufi mai tsawon mita 50, faɗin 20, zurfin mita ɗaya, ruwansa ke nan cif. Na tambaye shi da wane ma'auni ya zuba wa tsutsar sauronsa. Ya ce miligiram kaɗan a lita. Miligiram ɗaya maikurogiram 1,000 ne. Ya yi shiru yana kallon kwalbar.

Gaskiya ɗaya ce dole in faɗa ko da ta rage wa hujjata kaifi: ruwan kududdufinmu ba ruwan gwaji ba ne. Jajir yake da laka, cike da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu, kuma waɗannan suna kama azurfa su rage mata dafi ƙwarai. Baƙin taɓon ƙasan nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana ɗaure ta ya mai da ita wani sinadari da ba ya narkewa da sauƙi. Abin da ke faruwa ke nan a injinan tace ruwan bahaya na Turai, inda mafi yawan azurfar ke tsayawa a cikin dagwalo. Shi ya sa ban tsorata da safa mai azurfa ba. A kasuwa za ka ga safa da singileti da robar tace ruwa an rubuta musu Nano Silver, wai ba sa wari, wani lokacin ma ƙarya ce, rubutun kawai aka buga. A 2008 wasu masana biyu a jami'ar jihar Arizona, Benn da Westerhoff, sun wanke irin wannan safa suka auna ruwan, suka tarar wasu sun zubar da kusan duk azurfarsu a wanki huɗu. Mai saye ya yi asarar kuɗinsa, ruwan wankin kuma a garuruwanmu kwata zai bi ya faɗa kududdufi ba tare da ya ratsa wata matata ba. Duk da haka abin da safar unguwa guda za ta zubar bai kai a tayar da hankali ba in aka gwada shi da maganin feshin da manomi ke ɗauraye tankinsa a bakin tafki bayan ya gama da gonar wake. Amma tsautsayin wanki daban, ɗaukar kwalba a je a tuttula da gangan, kowane mako, damina bayan damina, daban.

An taɓa yin irin wannan zubawa da gangan, a wurin da aka keɓe don haka. A arewa maso yammacin Ontariyo ta Kanada akwai tafkunan gwaji, ba kowa a kusa da su. A 2014 da 2015 masana ƙarƙashin jagorancin Chris Metcalfe na jami'ar Trent suka zuba kilo 15 na azurfar nano a ɗaya daga ciki, mai lamba 222, kaɗan-kaɗan, har ruwan ya riƙa ɗaukar 'yan maikurogiram a lita. Ba a wayi gari an ga kifi ya taso a mace ba, kuma wannan shi ne abin lura. A hankali azurfa ta taru a hantar kifayen, ƙananan kifin da manya ke ci suka rage cin abinci, yawansu ya ragu, azurfar kuma ta kwanta a lakar ƙasa. Ɓarna ce marar hayaniya, irin wadda sai mai awo ke gani. A wurinmu wa zai auna?

Kuma wancan tafki ne na ƙasar sanyi da ba ya ƙafewa. Namu fa? Duk faɗin ƙasar Gumel ba mu da kogi mai gudu shekara. Mutanen Haɗeja da Ringim suna da ruwan da ke zuwa ya wuce, ya tafi da abin da aka zuba masa, ko da dai wani zai kai wa. Mu abin da muke da shi ruwan sama ne da ya taru a kwari ko a ramin da aka haƙi ƙasar gini, daga watan Yuli ya cika, kafin tsakiyar rani ya zama fasasshiyar laka. Tafki ba shi da ƙofar fita sai sama, rana kuma ruwa kawai take ɗauka. Maganin ƙwari na feshi, komai muninsa, yawanci rana da ƙwayoyin ƙasa suna ruguza shi a kwana a tashi. Azurfa ƙarfe ce, ba ta ruɓewa. Abin da aka zuba bana yana nan baɗi, na baɗi ya hau kansa.

Mutanen birni suna ganin kududdufi ƙazanta ce kawai, matattarar leda da sauro. Ni a ƙauyen kakannina ta wajen Sule Tankarkar na yi ƙuruciya, kuma na san abin da ke cikin tafki. Da rani mukan bi manya da fartanya zuwa busasshen tafki, a duba ɗan rami a laka, a haƙa, sai ga gaiwa a naɗe cikin jakar da ta yi wa kanta da majinar jikinta, tana jiran ruwa tun watanni. Na daɗe ina ɗaukar abin sihiri ne. Wannan halitta a cikin lakar take kwana rabin shekara, lakar da azurfa za ta kwanta. Babbar gaiwa iska take shaƙa, tarwaɗa ma tana iya haka, wataƙila su jure. 'Ya'yansu fa? Ɗan gaiwa da abin numfashinsa a waje yake ƙyanƙyashewa, kamar gashin tsuntsu a gefen wuya, tsirara a cikin ruwa. Gwajin da aka yi a Singafo a 2008 a kan ƙwan wani ƙaramin kifi ya nuna azurfar nano tana sa 'ya'yan su fito da lanƙwasasshen baya da kumburi da raunin bugun zuciya. Ga talibambam, ga 'ya'yan mazari, ga ƙwaron nan mai iyo da baya, ga balbela da shamuwa da ke kiwo a kansu. Ga kuma garken shanu da raƙuma da ke gangarowa daga Nijar zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, waɗanda tafkunan kan hanya ne mashayarsu. Su dabbobin ba na jin azurfar za ta kayar da su, jikinsu irin namu ne. Amma ruwan da ya rasa masu tace shi da masu cin dattinsa ba ya zama ruwan da makiyayi ya sani.

Abin da ya fi ba ni haushi a shirin shi ne ko sauron ma ba zai samu yadda ake so ba. Sauron da ya fi raba mana zazzaɓin cizon sauro ba babban tafki ya fi so ba. Ɗan ruwan da ya kwanta a rana yake nema: sawun kofaton saniya, sawun tayar mota, ramin da aka buga tubali, wuraren da suke cika yau su bushe bayan mako biyu, inda ba kifi ba mazari. A tsohon tafki kuwa maƙiyansa sun yi masa yawa. Ka zuba dafin da ba ya zaɓe, ka kashe tsutsar sauro tare da masu cin ta, sannan ka tambayi kanka wa zai riga dawowa. Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana goma ya ishe shi a zafinmu. Mazari sai ya yi watanni. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ɗalibin nawa bai ba da kai da wuri ba, kuma na yaba masa. Ya ce, "Malam, kai kana maganar kwaɗi, ni ina maganar yara. Ka je asibiti a watan Satumba ka ga yadda ake kwantar da su biyu-biyu a gado." Ban da amsar da ta fi tasa nauyi. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, kuma ni ma na binne ɗan ƙanena da shi. Da zaɓin tsakanin yaro da gaiwa ne, da ban ɓata tawada ba. Amma ba shi ne zaɓin ba, domin akwai maganin tsutsar sauro da ya san abokin faɗansa. A 1976 aka gano wata ƙwayar halitta a wani kududdufi a hamadar Negev, ana kiranta Bti, wadda dafinta ba ya tashi sai a cikin hanjin tsutsar sauro da danginta na kusa. Kifi da kwaɗo da mazari ba ruwansu. Kuma Afirka ta Yamma ta san ta. Shirin yaƙi da makantar kogi da aka fara a 1974 a ƙasashe bakwai, har da maƙwabciyarmu Nijar, ya shekara da shekaru yana feshin koguna daga jirgin sama don kashe tsutsar ƙudan da ke kawo cutar, ya kuma yi amfani da Bti sosai. Abin da ya burge ni da shirin shi ne an kafa masa kwamitin masana muhalli masu zaman kansu, ana kama kifi da ƙwarin ruwa ana ƙirgawa, maganin da aka ga ya yi musu ɓarna da yawa a taƙaita shi ko a ajiye. Mutanen da ke makancewa ake ceto, amma ba a ce don haka kogi ya mutu ba.

Akwai kuma wani abin da ke sa ni ɗari-ɗari da duk abin da aka liƙa wa kalmar nano, wato yadda muke saurin sallamawa. Ba mu manta watan Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da aka tashe mu da asuba ta waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. A cikin watan nan ne ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ba da sanarwar za a gwada wani magani mai suna Nano Silver a kan masu cutar a Legas. Ba a yi kwanaki ba aka janye, aka ce bai cika sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar bincike ba. A Amurka kuwa tun 2006 hukumar kare muhallinsu ta ce injin wankin da ke sakin azurfa don kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda Samsung ya fitar, a ƙarƙashin dokar maganin ƙwari za a duba shi. Can an ajiye ta a layi ɗaya da maganin feshi. Nan kuwa suna mai daɗi ya kusa kai ta gadon asibiti.

Mu kuma mun taɓa ganin yadda dafi ke shiga ruwa da sunan dabara. Dattawan masunta suna tuna Gamalin, maganin ƙwarin da wasu suka mayar abin kamun kifi: a zuba a ruwa, kifi ya taso, a kwashe da kwando, a bar wurin shekara ba ko ɗan tsako. Sai 2009 aka sa sinadarinsa a jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm, bayan an gama ɓarnar.

Ba na neman a hana ɗalibai bincike, kuma ba na cewa a kori azurfa daga asibiti. Mai ƙuna yana bukatarta, kuma can ana sanin inda ta shiga da inda ta fita. Abin da nake nema daga malaman da ke duba irin wannan aiki, a Dutse ko Kafin Hausa ko Kano, shi ne kada su sa hannu a kan kundin da ya ce abu ya kashe tsutsar sauro alhali bai faɗi abin da ya yi wa sauran mazauna ruwan ba. Kofi ɗaya na tsutsa, kofi ɗaya na 'ya'yan tarwaɗa, kofi ɗaya na talibambam, da ruwan tafkinmu na gaske, ba ruwan kwalba ba. Kuɗin da za a ƙara bai kai na buga kundin da ɗaure shi ba. Hukumomin NESREA da NAFDAC kuma su sani cewa wannan kaya yana hanya, gara su tanadi tambayarsu kafin wani ɗan kwangila ya riga su zuwa ofishin shugaban ƙaramar hukuma da takardar feshin kududdufai. Hakimai da dagatai ma suna da ta cewa, don ba a taɓa tafkin gari ba da saninsu ba.

Da la'asar ta yi, ɗalibin nawa ya tashi zai tafi, ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar, sai ya fasa. Ya ce in ajiye masa, zai dawo idan ruwa ya zauna. Muka yi alkawari zan sa jikokina su kamo masa talibambam a kududdufin bayan makarantar firamare, shi kuma zai sayo 'ya'yan tarwaɗa wajen masu kiwon kifi, za mu jera bokitai shida a inuwar zaure, uku da azurfa uku babu. Ya ce idan nasa suka rayu zan rubuta a jarida cewa na yi kuskure. Na ce na yarda. Kwalbar tana kan kantar littattafaina cikin baƙar ledarta, na ɗora ta can sama inda hannun yara ba ya kaiwa.